Ranar da Gurasa Ta Iso da Zafinta

Duk mai sammako a unguwar Sayyida Zainab ya san Ragab. Wanda bai san sunansa ba ya san fitonsa. Shi ne dogon nan mai wuya kamar na raƙumi da ke ratsa motocin Alƙahira a kan keke, hannu ɗaya a kan keken, ɗaya a gefen allon gurasa da ke bisa kansa. Allon kuwa ya fi ƙofar ɗaki tsawo, saƙar reshen dabino ne, hawa biyu, gurasa jere a kai tana tururi. Kekensa ba shi da ƙararrawa. Fito yake yi, gajere sau biyu, sai ka ga titi ya buɗe masa kamar an yi yarjejeniya.

Tun gemunsa bai fito ba ya shiga gidan gurasar Mu'allim Sabri. Mu'allim da kansa ya koya masa ɗauka a lungun bayan tanderu. Da allo babu komai aka fara. Da wuya ya saba aka jera layi ɗaya, sannan aka cika, can daga baya aka ɗora hawa na biyu.

"Daga yau kanka ba naka ba ne, na gurasa ne," in ji Mu'allim. "Ido ke juyawa, wuya ba ya juyawa. Kuma ka ji da kyau, in ka kai wa mutane gurasa da sanyi, gara ka zauna gida ka taya uwarka tsince shinkafa."

Da wannan allo Ragab ya yi aure. Da shi ya kama ɗaki biyu a hawa na uku, da shi ya raini ɗansa Tamir har aka ɗauke shi aikin soja. Mutane suka daina ce masa Ragab sai Abu Tamir, matarsa Nagwa ta zama Ummu Tamir. Mafi nisa cikin masu karɓar gurasarsa ita ce Hajja Badriyya, tsohuwa mai sayar da dafaffen wake da safe a ƙetaren gadar sama. Ba ta amsa gaisuwarsa sai ta ɗora tafin hannu a kan gurasa. In ta ji zafi ta ce, "Ka kwana lafiya, dogo." Shekaru masu yawa ba ta taɓa rasa zafin ba.

Wata safiya ta bazara, a ƙarƙashin gadar nan inda tituna suka haɗu kuma babu mai jiran wani, wata ƙaramar bas ta kutso ta taɓa tayarsa ta baya. Taɓawa kawai. Ragab ya ga sama ta juya. Da ya buɗe ido, tayar babbar motar siminti ce tsaye a gefen kunnensa, har yana jin zafin robar a kumatu.

Gurasa ta watse ko'ina. Maza suka tare motoci, mata suka duƙa suna tsincewa, kowace ta hure ƙura, ta sumbata, ta taɓa a goshi, ta mayar kan allo. Wani ya miƙa masa kofin ruwan rake. Wani ya ce, "Yau aka haife ka, ɗan'uwa, sai a raɗa suna!" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ƙujewa ce kawai a kafaɗa. Washegari ya koma aiki, maganar ta wuce.

Bayan 'yan makonni abin ya fara. Yana hango gadar daga nesa sai ƙirjinsa ya ɗauki duka kamar ana daka a turmi. Numfashi ya ƙi shiga. Yatsun da ke riƙe da allo suka mutu, gumi ya jiƙa gammo, titi ya koma kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Mai allo ba shi da damar tsayawa a tsakiyar motoci ya dafe ƙirji. Haka ya ratsa yana kalmar shahada. Da ya fita ɗaya gefen abin ya lafa kamar ba a yi ba. Washegari ya dawo. Jibi ma haka.

Ragab bai sha wahalar gano sunan ciwon ba, a ganinsa. Mahaifinsa a irin waɗannan shekarun ya dafe ƙirji yana alwala, bai ƙara tashi ba. Zuciya ce, gado ne, ta zo. Ya kuma san babu mai gidan gurasar da zai ɗora allo a kan mai ciwon zuciya. Don haka ya kulle bakinsa. Da aka ga yana yamutsa fuska ya ce kafaɗa ce.

Mai kwaɓa fulawa ne ya ji tausayinsa. Ya ɓalli rabin wata jar ƙwaya ya jefa masa a shayi.

"Tiramol ce, Abu Tamir. Ka ga wannan ƙullun? Ba da ƙarfina nake juya shi ba. Rabin direbobin garin nan da ita suke fita. Sha, ka manta kana da kafaɗa."

A ranar ya wuce gadar yana fito har da waƙa. Zuciya shiru. Ya ce a ransa, ashe maganin zuciya ne Allah ya kawo ta hannun mai ƙullu.

Sauran labarin kowa a unguwar zai iya ba ka. Rabi ya daina isa. Ɗaya ta daina isa. Da fari don gada yake sha, daga baya sai don ya iya tashi daga shimfiɗa. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Ya riƙa gyangyaɗi ana magana, yana sosa hanci, yana yi wa Nagwa tsawa a kan gishirin miya. Nama ya daina shiga gidan. Ita tana gani, amma da ta buɗe baki sai ya ce, "Ke kika san nauyin allo?"

Har ranar da ya faɗi a bakin tanderu, jikinsa na fizga, kumfa a baki, saura ƙiris kansa ya shiga wuta. Da ya farfaɗo ya tarar da Mu'allim Sabri tsugune a gabansa, ya zazzage aljihunsa, jajayen ƙwayoyi a tafin hannu.

"Ni na koya maka ɗauka," in ji Mu'allim a hankali. "Ba zan zama wanda zai aika ka ƙarƙashin mota ba. Allo ba zai sake hawa kanka ba sai wannan ta fita daga jininka."

Nan ne Atif ya shigo. Atif yayan Nagwa ne, mai walda, mutum mai faɗin ƙirji wanda bai taɓa ganin matsalar da ƙarfe da kwaɗo ba za su gyara ba. Akwai ɗan ɗaki a saman benensu, kusa da akurkin tantabaru. Ya ja Ragab can, ya ajiye masa bokiti da tulun ruwa, ya datse ƙofa.

"Atif, don Allah buɗe. Ƙafafuna, Atif."

"Suna nan, na gan su da za ka shiga. Biyu ne."

"Wallahi mutuwa zan yi."

"In ka mutu ni zan yi maka wanka da hannuna, suruki, kyauta. Kwanta."

Ragab ya yi amai, ya yi zawo, ya yi kuka irin na yara. Tantabaru suna ta guɗa a kansa. Nagwa takan zauna a bayan ƙofa da kwanon romo tana kuka ita ma. Da jikin ya saki aka buɗe masa. Ya sauko yana dafa bango, aka kawo gurasa ya ɗora hannu a kai ya rantse a gaban kowa. Atif ya buga ƙirji ya ce, "Kun gani? Wane likita, wane asibiti? Kwaɗo!"

Mu'allim ya mayar masa da allo. Ragab ya hau keke da niyya mai kyau, Allah ne shaida. Ya yi fito, titi ya buɗe. Ya sha kwana ya hango gadar. Turmin nan ya fara daka a ƙirjinsa, sabo fil, kamar jiya suka rabu.

Ya karya kan keke ya shiga lungu. Akwai wata hanyar zuwa wurin Hajja Badriyya, ta bayan masallaci, ta kasuwar kayan miya, ta zagaye har bakin makabarta sannan ta dawo. Doguwa ce ƙwarai. Ya isa, ta ɗora hannu a kan gurasa, ta ɗago ta dube shi. Ba ta ce ya kwana lafiya ba.

Ya jure zagayen na ɗan lokaci. Hajja na mita, masu cin wake na mita, Mu'allim ya fara tambayar me ke tsayar da shi. Wata safiya ya tsaya gun mai kiyos ya sayi jar ƙwaya guda ɗaya, ya ce ta yau kawai. Kafin wata ya ƙare an koma gidan jiya. Atif ya sake kawo kwaɗo, wannan karon babba. Aka sake rantsuwa. Amma yanzu ba wanda ya tafa. A gidan shayi ana cewa Abu Tamir ba shi da zuciyar maza, mutumin da ya rantse da gurasa ya karya. Mu'allim ya ce, "Wannan ne na ƙarshe, ɗana. In ka sake, allon na wani ne."

Yana cikin zagaye gadar karo na biyu ne, wata la'asar, ya dawo gida ya tarar da Nagwa zaune a bakin gado, gammonsa a cinyarta. Ta warware shi za ta wanke. A kan gwiwarta ga jar ƙwaya guda da ta faɗo daga cikinsa, a cikin ledarta, ba a ɓare ba.

"Ban sha ba," ya ce tun daga bakin ƙofa. "Na rantse da..."

"Bar gurasa ta huta da rantsuwa, Abu Tamir. Na san ba ka sha ba. Hajja Badriyya ta gaya mini."

"Ita kuma ina ta sani?"

"Na je sayen wake ta riƙe ni." Nagwa ta ƙanƙance ido, ta turo leɓe, ta ɗauko muryar tsohuwar tsaf. "'Yata, ni ban yi boko ba amma hannuna ya yi. In mijinki yana shan abin nan, gurasa da zafi take zuwa. In ya bari, sai ta zo kamar an tono ta daga kabari. To ni yanzu wace addu'a zan yi masa? Ya shiryu in rasa masu ciniki?'"

Ragab ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

"Na ce mata wataƙila ƙarfi ne babu. Ta ce wane ƙarfi, ai ba ta gada yake ɓullowa ba, ta wajen makabarta yake zuwa." Nagwa ta ajiye gammon. "Me ke ƙarƙashin gadar nan, Ragab?"

Rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin haihuwar Tamir. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gado don kada ta ga fuskarsa. Ya gaya mata. Dukan ƙirji, mutuwar yatsu, shahadar da yake yi kullum a tsakiyar motoci. Ya ce, "Ciwon Baba ne. Ƙwayar nan ita ke riƙe da zuciyar. Kuna kulle ni kuna raba ni da ita, ni kuma na san ranar da na bi gadar nan babu ita, gawata za a kawo miki."

Ta sake ɗaukar gammon. Ta kai masa duka a kafaɗa da shi.

"Shekara nawa kana mutuwa kai kaɗai ba ka gayyace ni ba? Ni mece ce a gidan nan, labule? Tashi ka yi wanka. Gobe likitan zuciya."

Likitan zuciya ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya sa shi tafiya a kan wani inji har ya yi gumi, ya duba takarda ya ce, "Malam, wannan zuciyar in za ka sayar ni zan saya. Keke ya yi mata rana." Ya ce su hau sama, ƙofa ta ƙarshe, su nemi Dakta Mirfat. Da suka isa Ragab ya karanta abin da ke jikin ƙofar, ya ja da baya.

"Likitar ƙwaƙwalwa? Nagwa, mahaukaci kika mai da ni? In wani ɗan unguwa ya gan ni a nan fa?"

"In ya gan ka a nan, shi me ya kawo shi? Shiga."

Dakta Mirfat 'yar gajeruwa ce mai tabarau, kofin shayinta ya huce a kan tebur. Ragab ya zauna a bakin kujera ya sunkuyar da kai, ya shirya karɓar wa'azi, don ya riga ya haddace shi. Ya fara da kansa: "Ya Dakta, na san haramun ne, na san na cuci iyali..."

"Dakata, Abu Tamir. Za mu zo kan ƙwaya, ba inda za ta. Gaya mini abin da ya riga ta zuwa."

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya fara da kafaɗa, Nagwa ta yi gyaran murya, ya koma kan gada. Ya ba da labarin tayar motar siminti, abin da bai taɓa ba kowa ba sai da dariya. Yana cikin faɗa ƙirjinsa ya ɗauki daka, numfashi ya fara guntulewa.

"Ga shi nan," ya ce a firgice. "Ga shi ya zo, Dakta!"

"Madalla da ya zo ina nan. Kada ka tashi. Dube ni. Fitar da iska a hankali, kamar kana hura shayi mai zafi. Ƙara. Bar shi ya daka, zai gaji."

Ya hura, ya hura. Abin ya hau, ya kai inda ya saba kaiwa, ya tsaya, sannan ya fara sauka da kansa. Babu ƙwaya, babu gudu. Ragab ya dubi tafin hannunsa kamar na wani.

"Wannan ciwon firgici ne," in ji ta. "A kujerar nan da kake na ga direbobi da shi, na ga malamai, na ga wani hafsan 'yan sanda. Ranar da ka faɗi, ƙwaƙwalwarka ta ajiye mai gadi a bakin gadar. Nufinsa alheri ne, amma ba shi da wayo. Da ya hango wurin sai ya kama ihu, jiki kuma ya tashi kamar motar na kanka yanzu. Ƙwayar ba zuciyarka take riƙewa ba, bakin mai gadin take toshewa na 'yan awoyi. In ta sake shi ya dawo da ihun da ya fi na da. Tun tuni ita ma ta zama ciwo mai zaman kanta. Ciwo biyu gare ka, ana ta faɗa da ɗaya."

Nagwa ta ce, "Yayana ya kulle shi sau biyu."

"Allah ya tsare, yanke ta lokaci guda haka yana iya jawo farfaɗiya. Ki ce wa yayanki ya mayar da kwaɗonsa shago. An fitar da ƙwaya daga jikin mutumin nan, amma ba wanda ya jawo shi daga ƙarƙashin motar. Yana can kwance har yau."

Ragab ya ɗago kai. Tambaya ɗaya ce ta dame shi.

"Wato, ya Dakta, ba mutuwa zan yi ba?"

"Za ka mutu mana, ni ma haka. Amma ba wannan dukan ƙirjin zai kashe ka ba. Jar ƙwayar dai tana iya."

Sai dariya ta kufce masa, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ya yi ta yi har Nagwa ta ji kunya ta ce, "To ya isa, za su ce da gaske ne abin da ke rubuce a ƙofa." A hanyar gida ya tsaya ya sayi ruwan rake kofi biyu. Ya ce rabon da ya ji ɗanɗanon abu ya manta.

Washegari ya je ya gaya wa Mu'allim Sabri komai, ya kuma ajiye allon da hannunsa, don likita ta ce kada ya hau titi da kaya tukuna. Mu'allim ya daɗe yana shafa gashin baki.

"Tsoro? Duk wannan wahalar tsoro ne? Ni ma tun da na faɗo daga tsani ban sake hawa ba, yara nake aikawa." Ya rataye allon a ƙusa can sama. "Zauna ka riƙa jera gurasa a ƙasa. Hanyar Hajja zan ba ɗan ƙanwata riƙo. Amma ka sani, yaron yana da mata da ciki. In azumi ya kama ba ka karɓa ba, ba zan iya ƙwace masa ba."

Ba a warke a rana ɗaya ba. An ba shi maganin da ya sassauta masa ciwon rabuwa da ƙwayar, da wani na firgicin wanda ba ya bugarwa, mai aiki a hankali har mutum ya fara zargin alli ne. Duk mako yana zuwa zaman da ake yi a asibitin, maza a da'ira a kan kujerun roba, kowa da abin da ya riga ƙwayarsa zuwa. Wani rasuwar ɗa, wani rashin barci, wani bai ma san sunan nasa ba tukuna. Sau ɗaya ya zame ya sha ƙwayar, ranar da aka yi masa gori a gidan shayi. Ya je da safe ya faɗa wa Dakta Mirfat yana jiran a kore shi. Ta ce, "Da kake koyon allo, sau nawa ya faɗi?" Ya ce ba ya ƙirguwa. Ta ce, "To ɗauka."

Maganar gada kuwa, ta ce a bi ta sannu. Sai ya gane ashe koyon lungun bayan tanderu ne aka sake. Da ƙafa ya fara, yana tsayawa inda yake hango ta har dukan ya gaji. Sannan ya matsa. Sannan ya shiga ƙarƙashi. Wanda ke raka shi kuwa Atif ne, don Nagwa ta ce tunda shi ya fi kowa son lafiyarsa, ga aiki.

"Wai yanzu siminti muke tsoro, suruki?"

"Yi shiru, ina hura shayi."

"Hura, hura. Ni da na zaci za a ɗaura maka waya a kai." Atif ya tsaya tsakaninsa da motoci ba tare da an ce ya yi ba. "Da ka faɗa mini tun farko ai da ban sayi babban kwaɗon nan ba."

Daga ƙafa aka koma turin keke. Daga turi aka hau. Sannan allo babu komai, mutane na yi masa ba'a, "Abu Tamir, yau iska ake rabawa?" Yana amsa musu, "Da zafinta!"

Ana saura 'yan kwanaki azumi, ya shiga gidan gurasar da safe ya tsaya ƙarƙashin ƙusa. Mu'allim ya dube shi, ya dubi allon, ya ce wa masu aiki, "Ku cika masa. Hawa biyu." Mai kwaɓa fulawa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Ragab ya naɗa gammo, wankakke, babu komai a cikinsa. Aka ɗaga aka ɗora. Wuyan ya karɓi nauyin kamar an dawo masa da hularsa.

Ya yi fito, titi ya buɗe. Ya wuce masallaci, ya wuce bakin lungun da yake karya kai, bai ko kalle shi ba, dama wuya ba ya juyawa. Gada ta taso a gabansa. Mai gadin nan ya farka ya kama ihu. Ƙirji ya ɗauka, yatsu suka fara sanyi. Ragab ya ce a ransa, na ji ka, sannu da aiki. Ya turo leɓe ya hura, dogo, ya sake hurawa. Inuwar gadar ta rufe shi. Wata ƙaramar bas ta matso ta dama, ya yi mata fito sau biyu, ta ja baya. Ƙafa na juyawa, turmi na daka, gurasa na tururi a sama. Sai rana ta sake dukan fuskarsa.

Hajja Badriyya na tsaye bayan tukunyar wakenta, masu ci sun kewaye ta. Ta ga inda ya ɓullo. Ya sauke allo, ta ɗora tafin hannu, ta janye da sauri don ta ƙone ta. Fuskarta ta ɓaci. Ta ajiye ludayi, ta zagayo, ta kama haɓarsa ta jawo dogon wuyan nan ƙasa daidai tsayinta.

"Ka koma, ko? Kai, ɗan nan, ka koma? Buɗe idon in gani!"

"Duba da kyau, Hajja. Duba duka biyun."

Ta duba na dama, ta duba na hagu. Ta ga gumi na zuba, ta ga hannun na ɗan rawa, ta ga idon tas. Ta sake shi a hankali.

"To wannan rawar fa?"

"Tsoro ne. Tare muka zo, shi ma ya gaji."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗauki gurasa ɗaya ta saman, ta tsaga, ta cika ta da wake, ta kwarara mai, ta matsa lemun tsami, ta danƙa masa.

"Ka kwana lafiya, dogo," ta ce. "Zauna ka ci. Ku kuma me kuke kallo? Ga gurasa da zafi, in ta huce ba ruwana."

Ya zauna a bakin titi, bayansa ga gadar, ya ci har ya lashe yatsa. Da ya gama ya ɗora allon, ya juya keke. Komawa ma ta nan ce.